Zanena ya fito daidai, amma malami ya rubuta "Ina bayani?"

Assalamu alaikum Malam. Ina aji biyu a sashen injiniyan gine-gine a wata jami'a. Wannan zangon muna yin kalkulas mai haruffa da yawa, wanda ake haɗa x da y da z. Duk bayan mako biyu muna shiga ɗakin kwamfuta na awa biyu, mu yi aiki da MATLAB, wata manhajar lissafi da zane, sannan kowa ya rubuta rahotonsa ya miƙa. Rahotona na farko an ba ni maki 4 cikin 10, na biyu 5, alhali zanena ya fito iri ɗaya da na kowa, amsoshina ma daidai suke. Abin da malamin ya rubuta da jan biro kawai shi ne: "Ina bayani?" Ba ni da laftof. Mu uku ne a kan kwamfuta ɗaya, kuma ɗaya daga cikin abokan aikina shi ke riƙe da madannai kullum. Ya ce in ina so in ɗauki rahotonsa in sauya kalmomi, shi 7 yake samu. Wasu kuma ChatGPT ke rubuta musu. A takarda ina iya lissafin, amma yanzu har na fara tunanin ko injiniya ba layina ba ne. Saura lab uku. Don Allah me zan yi?

Ɗaliba, aji biyu

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata.

Bari in fara da abin da ya fi tsaya min a rai cikin wasiƙarki, wato maganar barin injiniya. Cire ta daga zuciyarki. Ɗalibar da ke iya wannan lissafi a takarda ta riga ta mallaki abin da ya fi wuyar samu a kwas ɗin. Maki 4 da 5 suna nuna cewa rabin aikin kika miƙa kina tsammanin duka ne, kuma ba wanda ya zaunar da ke ya nuna miki sauran rabin. A nan malaminki ma yana da nasa laifin, don kalma biyu da jan biro ba su isa su koya wa ɗalibi rubutun rahoto ba. Amma tambayar da ya yi tambaya ce ta gaskiya, kuma a kanta zan fi daɗewa.

Ki sa kanki a kujerarsa. Ga tarin rahotanni a gabansa, duka daga ɗaki ɗaya, manhaja ɗaya, tambaya ɗaya. Zanen da ke shafinki shi ne a shafin wanda ya gane, shi ne a shafin wanda bai gane ba, shi ne a shafin wanda bai ma leƙo ɗakin ba ranar. Kin ce zanenki ya fito iri ɗaya da na kowa. To ai nan gizo ke saƙar. Abin da yake iri ɗaya a hannun kowa ba zai raba maki ba. MATLAB ce ta yi zanen, malami kuwa ke yake so ya ba maki, saboda haka sai ya nemi wurin da tunaninki ya fito fili a shafin. Da bai gani ba, ya tambaya.

Da ma can don haka aka yi manhajar. Wani malamin lissafi mai suna Cleve Moler ne ya rubuta ta a ƙarshen shekarun 1970 a Jami'ar New Mexico ta Amurka, don ɗalibansa su yi lissafin matiriks ba sai sun fara koyon yaren Fortran ba. Sai a 1984 aka kafa kamfanin MathWorks ya mayar da ita haja. Nufinsa ya ɗauke wa ɗalibi gajiyar ninkawa da tarawa don ya samu sararin tunani. Duk makarantar da ta haɗa kalkulas da ɗakin kwamfuta, ko MATLAB take amfani da ita, ko Maple, ko Mathematica, makin rahoto yakan koma kan wannan tunanin ne.

Ga misali daga irin aikin da kuke yi. An ce ku zana z = xy, x da y kowanne daga −2 zuwa 2. Kun buga meshgrid(-2:0.1:2), ta shimfiɗa muku raga mai layi 41 a tsaye, 41 a kwance, ta zuba lambobin x a cikin X, na y a cikin Y. Sai mai madannai ya rubuta Z = X*Y, ya manta ɗigon da ake sawa kafin tauraro. MATLAB ba za ta ce uffan ba, ko jan rubutun da take nuna kuskure da shi ba za ku gani ba, domin X da Y matiriks ne masu tsawo da faɗi ɗaya, ninka su ya halatta a wurinta. Sai dai ninkin matiriks ta yi, ba ta ɗauki kowane x ta ninka da y ɗin da ke gurbinsa ba. Kowane gurbi sai ya fito 57.4, abin da zai bayyana a allo kuma fili ne shimfiɗaɗɗe, ba tudu ba kwari. Kwamfuta ɗan aike ce mai tsananin biyayya: abin da kika faɗa take kawowa, ko da ba shi kike nufi ba.

Ɗalibin da ya dogara da allo zai buga wannan ya miƙa. Wadda ta iya lissafi a takarda kuwa za ta tsaya ta ce: x bai wuce 2 ba, y bai wuce 2 ba, to xy ba zai taɓa haura 4 ba, daga ina 57.4 ta fito? Kuma inda x ke ƙasa da sifili y yana sama, dole amsa ta sauka ƙasa da sifili, ina wurin yake a zanen? Da an gyara an rubuta X.*Y sai sirdi ya fito, kusurwa biyu sun ɗaga zuwa 4, biyu sun sauka zuwa −4. Waɗannan tambayoyin da ta yi wa allo su ne bayanin da malaminki ke nema. Na tabbata kina yin su a ranki. Abin da ya rage ki sauke su a takarda.

Bari in nuna miki bambancin a rubuce. Na san da Turanci za ki rubuta, amma ga shi da Hausa don ki ga yadda ake gina shi. A ce an ba ku f(x, y) = x³ − 3x + y², an ce ku nemo wuraren da gangara ta tsaya, ku faɗi irinsu. Rahoton maki 4 yakan ce:

"Mun zana f. Zanen yana hoto na 2. Mun samu wurare biyu, (1, 0) da (−1, 0). Na farko mafi ƙanƙanta ne, na biyu sirdi ne."

Ba kuskure ko ɗaya a ciki. Amma wanda ya leƙa allon maƙwabcinsa ma zai iya rubuta shi. Ga wanda ya amsa tambayar malami:

"Kafin mu zana, mun nemi inda gangara ta tsaya ta kowace fuska. Diribatif ta fuskar x shi ne 3x² − 3, ta fuskar y kuma 2y. Duka biyun suna zama sifili a (1, 0) da (−1, 0). A (1, 0) gwajin diribatif na biyu ya ba da D = 12, kuma lanƙwasa ta fuskar x ita ce 6, saboda haka wurin kwari ne, f a nan −2 ce. A hoto na 2 layukan tsayi sun kewaye wurin zobe cikin zobe, wanda ya dace da lissafin. A (−1, 0) kuma D = −12, wato sirdi ne: in aka bi x wurin ƙololuwa ne, in aka bi y ƙasan kwari ne. Shi ya sa layin tsayi na 2 ya gitta kansa a wurin maimakon ya kewaye shi. Kwarin (1, 0) ba shi ne mafi zurfi a ko'ina ba. Zanenmu ya tsaya a x = −2, shi ya sa ba a ga f ta sauka ƙasa da −2 ba, amma a (−3, 0) amsar −18 ce."

Ki lura, ba wata kalma mai nauyi a ciki. Lissafin duka na takarda ne, wanda kin ce kin iya. Abin da sakin layin ya yi shi ne ya faɗi abin da aka yi tsammani, ya faɗi abin da aka gani, ya haɗa su da "saboda haka" da "shi ya sa". Jimlar ƙarshe ita ce ta fi tsada, domin ta nuna ɗaliba ta san zanen yana da iyaka, ta kuma leƙa bayan iyakar da biro. Ki ɗauki rahotanninki biyu ki ƙirga sau nawa kika rubuta "saboda". In ba ki samu ba a shafi guda, kin gano inda makinki ya zube.

Wani lokaci ma ba kuskuren bugu, umarnin daidai ne, amma zanen yana ɓoye gaskiya. Wannan shi ne abin da nake so ɗaliban injiniya su riƙe da kyau. Ɗauki f(x, y) = x²y/(x⁴ + y²), a tambaye ki ko tana da limit a (0, 0). Ki bi kowane miƙaƙƙen layi zuwa tsakiya, amsa tana tafiya sifili. Sai ki ce limit sifili ne. Amma ki bi lanƙwasasshen layin y = x², za ki samu x⁴ bisa 2x⁴, wato rabi, komai kusantarki da tsakiya. Hanya biyu, amsa biyu, ke nan limit babu. Yanzu ki duba abin da raga mai tazarar 0.1 za ta yi. A x = 0.1 tudun nan na rabi yana y = 0.01, tsakanin layin sifili da layin 0.1, inda kwamfuta ba ta lissafa komai ba. Ta tsallake shi. A tsakiyar kanta kuma sifili bisa sifili ne, sai ta rubuta NaN, wato "ba lamba ba ce", ta bar ɗan rami. Mai kallon zanen ba zai ga abin da ya hana limit kasancewa ba. Rahoto mai kyau zai ce zanen bai nuna ba, ya faɗi dalili, ya kawo lissafin hannu, in da hali ya rage tazarar ragar ya sake zanawa kusa da tsakiya.

Tunda gine-gine kike karanta, ki san wannan labari. Ranar 23 ga Agusta 1991, gindin kankare na dandalin haƙar mai da gas na Sleipner A ya tsage ya nutse a ruwa kusa da Stavanger ta ƙasar Norway, lokacin da ake gwada shi kafin a ɗora masa saman. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma asarar ta kai kusan dala miliyan 700. Da aka bincika sai aka gano ragar lissafin da aka ba kwamfuta ba ta dace da surar wani mahaɗin bango ba, har ta rage ƙarfin da ke neman yage bangon da kashi 47 cikin ɗari. Aka yi bangon bisa lambar da ta bayar. Ƙwararrun injiniyoyi ne, da manhaja mai kyau. Watarana za a kawo miki lissafin bene ko gada daga kwamfuta a ce ki sa hannu, mutane su zauna a ƙarƙashinsa. Wannan ɗabi'a ta tambayar lamba "daga ina kika fito" a irin lab ɗinku ake fara koyon ta.

Akwai kuma bayani na ma'ana, wanda ɗalibai suka fi mantawa. A cikin lab ukun da suka rage da wuya ba ku haɗu da hanyar Lagrange ba, wato hanyar nemo mafi ƙaranci ko mafi yawa bisa wani sharaɗi. A ce za a ƙera tankin ruwa mai kusurwa huɗu, marar murfi, mai cin lita 4,000, wato kubik mita 4, ana son a kashe ƙarfe mafi ƙaranci. In x da y gefunan gindi ne, z kuma tsayi, faɗin ƙarfen shi ne xy + 2xz + 2yz, sharaɗin kuma xyz = 4. Kwamfuta za ta ba ki x = 2, y = 2, z = 1, da λ = 2, wato ƙarin lambar da hanyar Lagrange ke fitarwa. Mai gaggawa zai kwafe su ya wuce. Ke ki ce: gindin tankin mita 2 ne ta kowane gefe, tsayinsa mita 1, ƙarfen da zai ci murabba'in mita 12. Ki gwada da wani tankin don mai karatu ya yarda: mai gefe ɗaya ta ko'ina, kusan mita 1.59, zai ci kusan 12.6, dogo mai gindi 1 da 1 da tsayi 4 kuma zai ci 17. Ki faɗi abin da ya sa ya fito gajere mai faɗi: ba murfi, saboda haka gindi sau ɗaya ake biyan sa, bango kuwa bibbiyu ne. Sannan λ. Yawancin ɗalibai suna ɗaukar ta shara ce da lissafi ya bari. Ita ce ke faɗa miki kuɗin ƙari: in mai tanki ya ce a ƙara masa lita 100, wato kubik mita 0.1, ƙarfen zai ƙaru da kusan murabba'in mita 0.2. Jimla ɗaya ce, amma malamin da ya gan ta ya san wannan ɗalibar ta gane abin da take yi.

Tsarin rahoton kansa ba shi da wuya, kuma in malaminku ya ba da nasa, shi za ki bi. Ki buɗe da jimla biyu ko uku na abin da aka nema, da kalmominki, kada ki kwafo takardar tambaya. Ki kawo lissafin hannu, sai umarnin da kika buga, sai abin da ya fito, sai bayaninsa nan take a ƙarƙashinsa, kada ki tara bayanai duka a shafin ƙarshe. Kowane zane ya samu lamba da suna, a rubuta wane gefe ne x wane ne y, kuma ki ambace shi a cikin rubutu. Zanen da ba ki ce komai a kansa ba, cire shi. Lamba ta zo da ma'auninta, mita ko lita. Kada ki kwafo lambobi goma sha biyar bayan ɗigo alhali tankin da tef za a auna shi. In kika zana kibiyoyin giradiyan a kan layukan tsayi, ki buga axis equal, in ba haka ba da'ira za ta fito kamar an matse ta, kibiyoyin kuma ba za su yi tsaye a kan layukan ba alhali rubutunki yana cewa suna yi. Ki tuna sin da cos a MATLAB da radiyan suke aiki.

In lissafin hannunki da na kwamfuta suka saɓa, kika rasa dalili har lokacin miƙawa ya yi, ki rubuta haka a fili: ga abin da na samu da hannu, ga abin da ta bayar, ga abin da na duba, ga inda nake zargi. Kada ki goge ɗaya don su yi kama. Malamai da yawa suna ba wannan maki fiye da amsar da aka daidaita da ƙarfi.

Rashin laftof matsala ce ta gaske, ba zan raina ta ba. Amma ki ga, kusan duk abin da na lissafa miki a sama da biro aka yi shi. Ki nemi takardar lab tun kafin ranar, ki yi lissafin a ɗaki, ki zana yadda kike tsammanin surar za ta fito ko da a karkace ne, ki rubuta umarnin layi-layi a littafinki. Awa biyun nan sai ta zama ta gwaji da gyara. In kina da waya mai Android ko iPhone, ki sauke manhajar GeoGebra mai zanen fuska uku. Kyauta ce, Markus Hohenwarter ya fara ta a 2001 a Jami'ar Salzburg ta Austriya, kuma bayan saukewa ba ta buƙatar data. Ki rubuta z = x² − y² ki juya shi da yatsa, ki kalle shi ta sama, ta gefe, ta ƙasa. Minti goma na wannan ya fi kallon hoto ɗaya a allon lab. In akwai wata 'yar ɗakinku mai laftof, ku sa GNU Octave. Ita ma kyauta ce, kuma meshgrid da surf da contour da quiver duk suna aiki a cikinta kamar a MATLAB. A ɗakin lab kuma ki riƙa ajiye aikinki a filash bayan kowace tambaya saboda ɗaukewar wuta, ki kuma ɗauki hoton allon da waya don ki rubuta bayani da dare kina kallon sa.

Sai batun abokin aikinki. Mai yiwuwa da kyakkyawar niyya ya yi miki tayin, amma kada ki karɓa. Rahoton da za ki sa wa sunanki shaida ce kike bayarwa cewa tunaninki ne, kuma ba ki buƙatar in tuna miki nauyin shaida. Ta fuskar makaranta ma haɗarin ya fi ribar. Zane da umarni za su iya zama iri ɗaya tunda kwamfuta ɗaya kuka yi amfani da ita, malami ya san haka. Bayani iri ɗaya kuwa nan take ake gane shi, musamman in kuskure ɗaya ya bayyana a wuri ɗaya cikin rahoto biyu, kuma hukuncin yakan hau kan mai kwafa da wanda aka kwafa. Ki gode masa, ki ce masa kin fi son ki rubuta naki. In ya yarda ki karanta rahotonsa da aka riga aka maka don ki ga abin da ya sami 7, wannan ba laifi, koyo ne.

Madannai kuwa dole ki taɓa su. Ba sai an yi faɗa ba. Kafin ku shiga ki ce musu: tambayoyi uku ne, mu uku ne, kowa ya buga ɗaya, ni zan fara. Ki faɗe shi a gaban na ukunku, don shi ma wataƙila abin yana cin sa ya rasa yadda zai ce. Za ki yi jinkiri da farko, za ki manta ɗigo, jan rubutu zai fito. Ki karanta jan rubutun, yakan faɗi layin da matsalar take. In mai madannai ya miƙo hannu zai karɓa, ki ce masa cikin ladabi ya faɗa miki da baki ke ki buga. Kuma tunda ke ce mai zuwa da lissafin hannu a littafi, ba da daɗewa ba za su ga cewa ke ce ke sanin ko abin da ya fito a allo daidai ne.

ChatGPT da ire-irenta, ki fara tambayar malaminku abin da ya halatta a kwas ɗinsa, ki tsaya a kansa. Ra'ayina shi ne tana da amfani wajen fassara miki jan rubutun da ba ki gane ba, ko tuna miki yadda ake rubuta wani umarni. Bayanin rahoto kuwa kada ki ba ta. Ba ta zauna a ɗakinku ta ga abin da allonku ya nuna ba, kuma takan yi kuskuren lissafi da cikakken ƙarfin hali, cikin Turanci mai santsi. Wanda bai iya binciken amsa da hannu ba, ba zai kama ta ba. Ga irin kuskuren da ke wucewa a ɓoye, ko daga mutum ko daga na'ura: a intigiral na tsarin fola a manta da r ɗin da ke gaban dr dθ. In da'ira mai radiyos 2 aka gwada, faɗinta zai fito 4π ko da r ko babu, sai a ɗauka komai lafiya. Da radiyos 3 asiri zai tonu: 9π ne daidai, marar r kuma 6π zai bayar. Shi ya sa ake gwada umarni da misalin da aka riga aka san amsarsa, kuma fiye da ɗaya. Ranar jarrabawa ma ke da biro ne kaɗai a ɗakin.

Abu na ƙarshe, ki je wurin malamin a wannan makon, kafin lab na gaba. Ki tafi da wata ƙawarki 'yar ajinku, a lokacin da ya ware don ganin ɗalibai. Kada ki je da maganar ƙarin maki, nan take zai rufe fuska. Ki ɗauki tambaya ɗaya daga rahotonki na biyu, ki sake rubuta bayaninta a shafi ɗaya kamar yadda na nuna miki, ki miƙa masa tare da tsohon, ki ce: "Malam, na ga abin da ka rubuta min, na sake gwadawa. Don Allah ka duba ko irin wannan bayanin kake nufi, in akwai abin da ya rage ka nuna min." Ki tambaye shi kuma yadda yake raba maki goman, nawa ne na umarni, nawa na zane, nawa na bayani, da kuma abin da ya yarda abokan kwamfuta ɗaya su haɗa da abin da dole kowa ya yi nasa. In shi bai samu lokaci ba, mataimakin da ke tsaya muku a lab sau da yawa shi ne ke duba rahotannin, ki kai masa shafin. Abin da suka faɗa miki ki rubuta shi a bangon littafin lab ɗinki, ki bi shi a rahoto na uku.

Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a karatun. Ki rubuto min bayan an dawo muku da rahoton.